Abin da ke Bayan Kwamfuta ta Uku

A layin shagunan da ke kallon ƙofar asibiti, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya, akwai wani ɗan shago mai labulen roba wanda rana ta cinye launinsa. Kwamfuta huɗu ne a ciki, jere a kan dogon tebur da aka manna da bango, sai firinta mai yawan cije takarda, da fanka da ke gunaguni tun safe har a tashi. Mai shagon mace ce da ta ba hamsin baya, doguwa, marar son hayaniya. Duk layin Rijiya ake ce mata. Yara kan sa "Anti" a gaba don ladabi, amma sunanta na ainihi ko 'yan'uwanta sai sun yi jim kafin su tuno shi.

Sunan ya girmi shagon. Tun tana budurwa take buga wa mutane takarda da tafireta a barandar wani ofishi. Ta buga takardar koke, ta buga ta neman aiki da ta neman afuwa, ta buga wasiyyar dattawan da 'ya'yansu ba su san sun yi ba. Duk abin da ya bi ta ƙarƙashin yatsunta ya faɗa ke nan, ba ya sake fitowa. Marigayi mijinta har ƙorafi yake yi.

"Kowa matarsa ta dawo masa da labari," in ji shi, "ni tawa sai ta dawo min da tawada a hannun riga."

Da zamanin tafireta ya shuɗe, ta koyi kwamfuta da girmanta, ta buɗe shagon nan, ta kuma shigo da wata doka da ba a taɓa gani ba a layin. Duk wanda zai sa kalmar sirrinsa, sai ta miƙe ta juya fuskarta ga bango, ta zuba wa wata tsohuwar kalanda ido har sai ya ce ya gama. In akwai mutane a shagon, sai ta tsaya tsakaninsu da shi, ta ware hannuwa, mayafinta ya zama labule. Ta yanka kwali ta raba tsakanin kwamfutocin. Ɗalibin da ya miƙa wuya ya leƙa na kusa da shi, ranar a waje zai ƙarasa aikinsa. Tsofaffi kan ce, "Ke dai sa min, 'yata, bari in faɗa miki," sai ta toshe kunne.

"Ban ji ba, Baba, kar ma ka fara. Ga haruffan nan, bi su da yatsa ɗaya, ko za mu kai la'asar."

Da wannan ta yi suna. Ma'aikatan asibiti kan wuce shaguna masu sanyi da kujeru masu laushi su zo su zauna a kan bencinta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan juya bayan shi ne abin alfaharinta a duniya. Shi ne kuma abin da har yau in ta tuna sai haƙoranta su haɗu.

Gyaran kwamfutocin ba aikinta ba ne, na ƙaninta ne, Auta. Shi ne ƙarshen 'ya'yan mahaifiyarsu Inna, kuma da mahaifinsu ya rasu a hannun Rijiya ya girma. Ita ta yi masa wanka, ita ta tsaya har ya koyi sana'a. Yanzu ya zama cikakken saurayi mai gemu da jakar kayan aiki, mai son turare. Yana da wata ɗabi'a: duk wayar da ya taɓa sai ya naɗe ta da shuɗin salatif, a tsare, kamar mai ɗaure ciwo. Shi ya tura teburin ya manne da bango.

"Yaya, bayan nan ba wurin tsintsiya ba ne," ya ce mata. "Wuta ce. Kar ki bari kowa ya taɓa."

Ba ta bari ba. Ita kanta ba ta taɓa leƙawa ba.

A cikin masu zuwa shagon akwai wata ma'aikaciyar jinya daga ɗakin haihuwa, wadda kowa ke kira Nas. Yarinya ce mai saurin tafiya da saurin magana, ta daɗe tana neman a tura ta kwas na ƙaro ilimi a wani gari mai nisa. Babbar wayarta ta faɗa cikin bokitin ruwan wanke kayan aiki, ta koma riƙe 'yar ƙarama mai maɓalli, don haka duk wata hulɗa ta imel a shagon Rijiya take yi. Auta ya taɓa nemanta. Ta ce masa a'a cikin mutunci, ta ce karatu ne a gabanta. Rijiya ta san da zancen, ta kuma yi abin da ta saba, ta haɗiye. Bayan nan ne Auta ya ce mata:

"In Nas ta zo ki riƙa zaunar da ita a ta uku. Na ƙara mata ƙarfi, ta fi sauran sauri."

Har daɗi Rijiya ta ji. Ta ce a ranta yaron nan ya yi hankali, an ƙi shi amma bai riƙe ba. Tun daga ranar, ko wani ne a kan ta uku sai ta lallashe shi ya matsa. Ta share kujerar, ta zaunar da Nas, ta juya ta kalli kalanda.

Wata hantsi Nas ta ɗaga labulen roba da ƙarfi, da farar rigar aiki a jikinta, ba sallama.

"Wa kika ba?"

Rijiya tana zaro takardar da firinta ta cije. Ta ɗago a hankali.

"Yau ba gaisuwa?"

"Anti, wa kika ba kalmar sirrina?"

Akwai ɗalibai biyu a shagon da wani tsoho mai jiran fotokofi. Duk suka daina abin da suke yi. Nas ba ta rage murya ba. Ta ce da safen nan shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis, ta tambaye ta don me ta janye daga kwas bayan duk naci da ta yi. Saƙo ya zo daga imel ɗinta, da sunanta a ƙasa, wai aure za ta yi, mijin bai yarda ta yi nisa ba, a ba wata gurbin. Lokacin da aka tura shi tana tsaye a kan mai naƙuda. Shugaba ta ce saƙo dai daga akwatinta ya fito, in ba ita ba ce ta kawo shaida kafin a tura sunaye ƙarshen mako.

"Ba inda nake buɗe imel ɗina sai nan," in ji Nas. "Ko uwata ba ta san kalmar nan ba."

Wani zafi ya taso wa Rijiya daga ƙeya ya mamaye mata kunnuwa. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kallon idonta ya faɗa mata irin wannan.

"Ni? A shagon nan? Kin taɓa ganin na kalli hannunki?"

"Ban san abin da kike gani a bangon nan ba. Wa ya sani ko madubi ne a bayan kalandar."

Rijiya ta kai hannu ta fizge kalandar, ƙusar ta yi tsalle ta faɗa kan bencin. Bango ne kawai, da tabon inda fenti bai koɗe ba.

"Ga madubin. Zo ki gyara ɗankwali."

Hayaniyar ce ta jawo maƙwabcinta, mai gyaran waya, wani gajere mai tumbi da gilashin aiki a goshi. Sun shekara suna tsokanar juna: yana ce mata Hajiya Rijiya, tana ce masa Rediyo.

"Ikon Allah," ya ce daga bakin ƙofa. "Yau rijiya ce ke ambaliya?"

"Rediyo, ba wasa nake ba. Shigo ka duba min kayan nan ɗaya bayan ɗaya a gaban yarinyar nan. In ka gama ta nemi gafarata, sannan ta nemi wani shagon."

Ya saurari labarin, dariyar ta bar fuskarsa. Ya tambayi Nas a wacce take zama. Ta nuna ta uku. Maimakon ya zauna a gaban kwamfutar, sai ya ce wa ɗaliban su kama masa tebur.

"Ba a taɓa bayan nan," in ji Rijiya. "Wuta ce."

"Wa ya ce?"

Rijiya ta matsa gefe. Suka ja teburin. Ƙurar shekaru ta tashi, ga biro da aka daɗe ana nema, ga busasshen kyankyaso, ga ɗankunne guda. Mai gyaran waya ya tsuguna da ƙyar, ya bi wayar kibod da yatsa har inda ta shiga kwamfuta. Ta farko ba komai. Ta biyu ba komai. A ta uku yatsansa ya tsaya. Tsakanin kan wayar da ramin da take shiga akwai wani ɗan abu baƙi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya zare shi ya ɗora a tafin hannu.

"Ga baƙonki, Hajiya. Masu shi suna da sunan da suke kiransa, ni dai ɓarawon yatsu nake ce masa. Duk harafin da aka danna sai ya bi ta cikinsa kafin ya isa kwamfuta, shi kuma ya adana. Ko kuskure mutum ya yi ya goge, yana ciki. Mai shi sai ya zo ya karanta a natse."

"Amma ai kalmar ba ta fitowa," in ji Rijiya. Muryarta ta yi ƙasa. "Ɗigo-ɗigo ne ke fitowa."

"Ɗigo-ɗigon don ido aka yi shi. Kwalinki ma don ido ne, mayafinki ma. Wannan ba ido gare shi ba."

Ya juya ga Nas ya ce ta tafi yanzu ta canza kalmar, amma ba a nan ba, ba kuma a wani shagon ba. Ta nemi wayar wanda ta yarda da shi, ta canza a can, ta haɗa imel ɗin da lambar 'yar wayarta, ta yadda ko wani ya san kalmar ba zai shiga ba sai da lambar da za a turo mata. In akwai wani wurin da take amfani da kalmar nan, shi ma ta canza. Sannan ya ce wa Rijiya kada ta ɗauka an gama. Akwai irinsa marar jiki, wanda ake dasawa a cikin kwamfuta, ba a ganinsa ko an ja tebur. Duk huɗun sai an wanke su tas an sake zuba musu komai.

Rijiya ba ta jin rabin abin da yake faɗa. Idonta na kan ɗan baƙin abun. An naɗe gindinsa da shuɗin salatif, a tsare, kamar mai ɗaure ciwo.

Nas ta kalli abun, ta kalli fuskarta.

"Kin san mai shi."

"Je ki canza kalmar tukuna."

"Anti, kin san shi."

Rijiya ta yi shiru, irin shirun da ya ba ta suna. Nas ta yi wani murmushi marar daɗi, ta ce Shugaba dai shaida take jira, ta saki labule ta fita.

Rijiya ta sallami ɗaliban, ta ba tsohon haƙuri, ta ja ƙofa rabi. Ta kira Auta a waya ta ce ta uku ta lalace. Kafin ya iso ta shimfiɗa farar takarda a kan tebur ta ɗora abun a tsakiya. Ya shigo da ƙamshinsa, yana kaɗa mukullin babur a yatsa. Ya ga teburin a jaye, ya ga takardar. Mukullin ya daina juyawa.

"Yaya, ai na ce kar a taɓa bayan nan."

"Ka ce. Na kuma ji maganarka. Zauna."

Bai zauna ba. Ya fara cewa abin ƙara sauri ne, ta ɗaga masa hannu.

"Ni na koya maka wanke baki. Kar ka yi min ƙarya da shi."

Sai ya sauya. Ya ce shi fa bai saci komai ba. Sonta yake yi, kuma ya san in ta tafi garin nan shi ke nan. Da farko so yake kawai ya ga ko akwai wani, da ya ga takardar kwas ɗin sai zuciya ta ɗebe shi. Ai kwas ba ya ƙarewa, baɗi ma akwai.

"Aure za ta yi, mijin bai yarda ba," in ji Rijiya. "Har miji ka naɗa kanka. Yarinyar da ta ce ba ta so, ka shiga akwatinta ka yi magana da bakinta."

"Yaya, ki fahimce ni."

"Na fahimce ka sarai. Ka rasa wanda za ka aika sai ni. Ni nake tashin mutane in zaunar da ita. Ni nake share mata kujera. In juya in kalli bango kamar sakarya, in ware mayafi ina kare ta daga ɗalibai, kai kuma kana ƙarƙashin tebur. Ka ɗauki abu ɗaya da nake da shi ka yi tarko da shi."

Ya sunkuyar da kai. Ta tambaye shi tun yaushe abun yake nan. Ya ce an kwana biyu. Ta ce mai maganin nan na kusa a ta uku yake zama. Tsohon malamin da ke duba takardun fanshonsa ma a nan yake zama, da matar da ke rubuta wa likitanta saƙo tana kuka.

"Nasu ban duba ba."

"Ka duba."

"Ido ne kawai ya bi ta kai."

Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta mukullin shagon da ke wurinsa. Ya ciro ya ajiye a kan takardar, kusa da abun. Yana bakin ƙofa ya juyo.

"Ba za ki faɗa ba dai ko? Ke ba kya faɗa."

Wannan kalmar ta fi komai ƙona ta. Ashe da lissafinsa ya yi: ko an kama shi, a hannun Rijiya za a kama shi.

Kafin ta isa gida da yamma ya riga ta. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafafunta masu kumburi a miƙe, carbi a hannu. Ba ta bari ta ajiye jaka ba.

"Zo nan, Babba. Yaron nan ya faɗa min shirmen da ya yi. Na yi masa faɗa, har kuka ya yi."

"Kuka ya yi? Madalla. Sai a kai wa Shugaba hawayen a kofi."

"Kar ki yi min rashin kunya. Ki ce wani baƙo ne ya sa, mutane nawa ke shiga shagon nan? Ki jefar da abun, ki ba yarinyar haƙuri. Asirin bare nawa kika rufe tun kina yarinya? Sai na ɗan'uwanki ne zai gagare ki? Rijiya ake ce miki. Jefa wannan ma ciki."

Rijiya ta tsaya da jakar a kafaɗa. Ta kalli tsohuwar da ba ta taɓa yi wa musu ba.

"Inna, waɗancan nasu ne suka ba ni ajiya. Wannan na mutane ne ya sata. In na ce baƙo ne, Shugaba za ta ce wane baƙo ne ya san zancen aure da kwas? Yarinyar ta rasa gurbinta, a kuma riƙa yi mata kallon maƙaryaciya. Sauran da suka zauna a kujerar nan kuma suna can suna yawo, ba su san mukullinsu na aljihun wani ba."

"To ki tona masa, ki ga wanda zai sake ba shi aiki. Ki ga wanda zai sake shiga shagonki ke ma."

"Na sani."

"Kin sani, kuma za ki yi?"

Rijiya ta shige ɗaki. Tana ji Inna tana faɗa wa bango cewa ta haifi dutse.

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta ƙulle abun a gefen hankici, ta tsallaka titi, ta shiga asibitin da ta shekara tana kallo daga nesa. Ta tambayi ɗakin haihuwa, aka kira mata Nas. Ba su gaisa ba. Suka bi dogon baranda mai warin magani har ofishin Shugaba, wata mata mai furfura da tabarau a kan hanci. Rijiya ta kwance hankicin a kan tebur. Ta faɗi abin da abun yake yi, yadda mai gyaran waya ya bayyana mata, da inda aka same shi.

"Wa ya sa shi?" in ji Shugaba.

Bakin Rijiya ya yi nauyi. Bai saba ba. Ta ji harshenta kamar na wani.

"Ƙanina ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke gyara min kayan. Ya nemi yarinyar nan ta ƙi, shi ya rubuta saƙon. Ni kuma ni nake zaunar da ita a wurin."

Shugaba ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta. Sannan ta jawo fayil ta ce sunan Nas zai koma inda yake. Abin da za a yi da mai laifin kuma, wannan ya rage wa Nas. A baranda Nas ta tsaya kamar za ta ce wani abu. Rijiya ba ta jira ba, tana da sauran aiki.

Ta fara da mai magani. Ta same shi yana jera kwalabe, ta ce masa duk kalmar sirrin da ya taɓa bugawa a shagonta ya ɗauka ta fita, ya canza ta yau, a wayarsa. Ya tambayi dalili, ta faɗa masa duka. Ya ce, "Ke ma, Rijiya?" Ta haɗiye ta wuce. Ta nemo gidan tsohon malamin. Ta tare ɗalibai a bakin layi. Matar da ke rubuta wa likita ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma ba ta sake bi ta layin ba. Kafin rana ta faɗi, matar da ba a taɓa jin labari a bakinta ba ta zama ita ce labarin. Masu shagunan sanyi suka samu abin faɗa. Wani ma har ya aiko yaransa su tsaya a ƙofarta suna tambaya ko nan ne ake karanta wa mutum saƙonsa kyauta.

Mai gyaran waya ya kawo wani abokinsa suka wanke kwamfutocin. Da suka zo mayar da teburin jikin bango, ta ce su dakata. Ta sa aka bar shi a tsakiyar shago, aka juya injin kowace kwamfuta bayansa na kallon mai zama, wayoyinsa a fili kamar hanjin da aka zazzage. Ta bi duk wani shuɗin salatif ta ɓanɓare da farce.

"Hajiya, shagon ya yi muni," in ji mai gyaran waya.

"Da yana da kyau me ya tsinana?"

Benci ya yi kwanaki ba kowa. Inna ta daina amsa gaisuwarta sai da ka. Auta ya tattara ya koma wurin wani kawunsu, bai yi mata sallama ba, ita ma ba ta tambaya ba. Waɗanda suka fara dawowa tsofaffi ne, don ba wanda zai jira su bi haruffa da yatsa ɗaya in ba ita ba. Sai dai yanzu dokar ta ƙaru, kuma da faɗa take faɗinta. Kafin mutum ya zauna sai ya bi wayar kibod da hannunsa har ramin. In zai sa kalmar sirri, ta buɗe masa kibod ɗin da ke fitowa a fuskar kwamfuta ya danna haruffan da linzamin kwamfuta, ta kuma gaya masa wannan ma ba ya maganin kowane ɓarawo. In ya gama ya fita daga akwatinsa a gabanta, in kwamfuta ta tambaya ko ta riƙe masa kalmar ya ce a'a. Wanda ya zo zai shiga asusunsa na banki kuwa, korarsa take yi.

"Ba ka da waya? Je ka yi a can. Kwamfutar da kowa ke zama a kai ba ɗakinka ba ce, ko tawa ce."

"Anti, kina korar ciniki," in ji wani ɗalibi.

"Cinikinka nake kora ko nawa? Bi wayar nan."

Ana gobe Nas za ta tafi, ta ɗaga labulen roba, wannan karon da sallama. Takardar shiga makaranta take so a fitar mata. Ta uku ce kaɗai ba kowa. Ta tsaya tana kallon kujerar. Rijiya ba ta share mata ba, ba ta kuma ce ta zauna ba. Nas ta sunkuya, ta kama wayar kibod, ta bi ta a hankali har ƙarshe, ta zare, ta leƙa ramin, ta mayar. Rijiya tana tsaye tana kallo.

"Ki duba ta linzamin ma," ta ce.

Nas ta duba. Ta zauna, ta ajiye 'yar wayarta a gefe tana jiran lambar da za a turo mata. Rijiya ta juya ta fuskanci bango. Ba ta mayar da kalandar ba, sai ramin ƙusa da tabon fenti. Shi ta zuba wa ido, muƙamuƙinta a ɗaure, har Nas ta ce ta gama.